MABUƊIN TASKAR GWAMNATI A HANNUN WA YAKE?

Tun zamanin da aka fara rubuta haraji a takarda, ba a taɓa samun hukuma mai hankali da ta ɗauki kundinta abin wasa ba. A zamanin En'e, kundin haraji da na jangali da littattafan rasit a Baitulmali suke kwana, cikin ɗaki mai ƙofar ƙarfe, mabuɗi yana hannun Ma'aji, ɗan gadi yana bakin ƙofa har gari ya waye. In kwaɗo ya lalace a kira maƙerin gari ya gyara, in ya ƙi gyaruwa a fasa shi a sa wani. Ba wanda ya taɓa jin an ce Ma'aji ya zauna yana jiran izinin wanda ya ƙera kwaɗo kafin ya buɗe ɗakinsa.

Yau kuwa kundi ya bar takarda ya koma cikin kwamfuta. Sunan mutum da shekarunsa da zanen yatsunsa, da albashin ma'aikaci da fanshon tsoho, da takardar fili, da rajistar masu zaɓe, da bayanin cutar majinyaci a asibiti, duk suna cikin waɗannan na'urori. Wanda ya sami hanyar shiga cikinsu yana iya sa mai rai cikin jerin matattu, yana iya ƙara wa takardar albashi sunayen mutanen da ba a haifa ba, yana kuma iya kulle kome ya ce sai an biya shi fansa. Saboda haka maganar irin kwaɗon da gwamnati ke sa wa wannan sabuwar taska ta wuce hirar masana, ta shafi kowane mai biyan haraji.

Abin da wannan maƙala ta tsaya a kansa shi ne, hukumar da ta ɗora dukan aikinta a kan manhajar kamfani guda, wadda ba ta da ikon ta buɗe ta duba, balle ta gyara, ta ba da amanar jama'a jingina. Manyan ma'aikatan da ke yin haka don gudun wahala, suna fakewa da cewa ai kowa ma haka yake yi, lalle suna da laifi, kuma ya kamata a faɗa musu.

UWAR MANHAJA

Kafin a shiga gardama, ya kamata a warware wa mai karatu kalma guda. Kwamfuta ƙarfe ce da roba da waya, ba ta san kome ba sai abin da aka rubuta mata. Wannan rubutu da take bi shi ake kira manhaja. Manhajoji iri iri ne, akwai ta rubuta wasiƙa, akwai ta lissafi, akwai ta shiga intanet. Amma ƙarƙashinsu duka akwai guda ɗaya wadda ke riƙe da gidan. Ita ke raba wa sauran aiki da wurin zama, ita ke cewa wane ya shiga ɗakin nan, wane kada ya shiga. Matsayinta kamar na uwargida ne a babban gida, wadda mabuɗan ɗakin ajiya ke ɗaure a bakin zanenta. Ita ce uwar manhaja.

Wadda ta fi yawa a teburan ofisoshin duniya ita ce Windows, ta kamfanin Microsoft na Amurka. Abin da kamfanin ke sayarwa izinin amfani ne kawai, watau lasisi. Asalin rubutunta yana ɓoye a hannunsa, shi kaɗai ke gyara ta, shi kuma ke yanke ranar da zai daina gyarawa. Akwai kuma wata da ake kira Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991. Ita asalin rubutunta a fili yake. Wanda ya iya karanta shi ya karanta, ya gyara, ya kwafa ya ba maƙwabcinsa, ba mai kai shi ƙara. Kada mai karatu ya zaci wani baƙon abu ne. Wayar Android da ke aljihunsa a kan Linux aka gina ta, kuma tun 2017 kwamfutoci 500 da suka fi ƙarfi a duniya duk da ita suke aiki.

RANAR DA ASIBITOCIN INGILA SUKA TSAYA

Ran Jumma'a 12 ga Mayu 2017, ma'aikatan asibitocin gwamnati a Ingila suna cikin aiki sai suka ga jan rubutu ya bayyana a fuskar kwamfutocinsu, wai an kulle takardunsu, ba za a buɗe ba sai an biya fansar dala 300 a kan kowace na'ura. Wata muguwar manhaja ce da aka sa wa suna WannaCry, tana tsallakawa da kanta daga wannan kwamfuta zuwa waccan, kamar wutar daji da hunturu. Cikin 'yan kwanaki ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150. A Ingila ta taɓa wajen sulusin hukumomin asibiti 236 da ake da su. An kiyasta ganin likita da aikin tiyata da aka soke sun kai 19,000. Asibitoci biyar suka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wani wuri, likitoci suka koma ga alƙalami da takarda. Daga baya Ma'aikatar Lafiya ta ƙasar ta ce hasarar ta kai fam miliyan 92.

Wanda ya tare wutar kuwa wani saurayi ne ɗan shekara 22, Marcus Hutchins. Ya tarar da wani adireshin intanet a cikin muguwar manhajar wanda ba a yi wa rajista ba, ya yi masa rajista da kuɗin da bai kai dala 11 ba, ashe shi ne linzaminta, sai ta daina yaɗuwa. Da sa'ar yaro guda babbar daula ta sami numfashi a ranar nan.

To, ta ina ɓarawo ya shiga? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon Windows kuwa yana da tsaga. Hukumar leƙen asirin Amurka da ake kira NSA ta san da tsagar nan shekara da shekaru, ta yi shiru, ta ƙera wa kanta abin shiga ta wurin don leƙen abokan gabanta. Sai aka sace mata wannan kayan aiki, a Afrilu 2017 aka watsa shi a intanet, kowa ya ga dama ya ɗauka. Microsoft ya riga ya fitar da facin tsagar tun watan Maris, amma asibitoci da yawa suka yi wata biyu ba su liƙa shi ba. A ƙarshen shekarar Amurka da Ingila suka ɗora alhakin harin a kan Koriya ta Arewa.

Masu son a bar kome yadda yake sukan ce, ai laifin ma'aikatan asibiti ne, da sun liƙa faci da ba a kai ga haka ba. Wannan gaskiya ne, ofishin binciken kuɗin gwamnatin Ingila ma haka ya nuna a rahotonsa na Oktoba 2017. Amma rabin gaskiyar ke nan. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tsagar ta daɗe a bango kafin watan Maris. Wata gwamnati ta san da ita, masu gidan ba su sani ba, ba su kuma da halin sani, tun da yake an hana su ganin yadda aka yi ginin. Sa'an nan abin da ya sa wutar ta yi saurin ci shi ne, rumfunan kasuwar duka da zana iri ɗaya aka yi su.

Manomin da ya san abin da yake yi ba ya shuka iri ɗaya a gonarsa duka. Yakan sa gero, ya sa dawa, ya ratsa wake a tsakani, domin in fari ko tsutsa ta ci wannan, wancan ya tsira. Gwamnatoci da dukan masanansu sun kasa riƙe wannan darasi. Ran 19 ga Yuli 2024 wani kamfani mai suna CrowdStrike, wanda sana'arsa ita ce gadin kwamfutoci, ya aika wa abokan cinikinsa wani sabon gyara mai kuskure a ciki. Babu ɓarawo a wannan karo, babu maƙiyi. Amma cikin 'yan sa'o'i kwamfutoci masu Windows wajen miliyan 8.5 suka ƙi tashi, bisa ƙidayar Microsoft da kansa. Dubban jiragen sama suka fasa tafiya, bankuna da asibitoci da ofisoshin gwamnati suka tsaya cik a ƙasashe da yawa. Kuskuren gida guda ya kwantar da su rana ɗaya, domin duk iri ɗaya suka shuka.

WA'ADIN MAI KAYA

Ko babu wuta babu ɓarawo, akwai wata igiya a wuyan hukumar da ta dogara ga manhajar aro. Mai kaya shi ke sa ranar da zai daina fitar da faci, daga ranar nan kuwa duk tsagar da ta bayyana a buɗe za ta zauna. An daina gyaran Windows XP a Afrilu 2014. Gwamnatin Ingila ba ta gama shiri ba, sai da ta biya fam miliyan 5.5 aka ƙara mata shekara guda. An daina gyaran Windows 7 a Janairu 2020. Wa'adin Windows 10 ya cika ran 14 ga Oktoba 2025, ofishin da ke son ƙarin lokaci aka sa masa dala 61 a kan kowace kwamfuta a shekarar farko, kuɗin kuma yana ninkawa kowace shekara. Ga shi kuma kwamfutoci masu yawa da ke aiki lafiya lau ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, sai dai a jingine su a sayi sababbi. Watau wani kashi na kasafin kuɗin ƙasa ana yanke shi ne a ɗakin shawarar wani kamfani a hayin teku, inda babu wakilin mai biyan haraji ko ɗaya. Kayan aro ba ya rufe katara.

Daɗin daɗawa, kamfanonin nan suna jan hukumomi su daina ajiye takardunsu a gida, su kai su manyan rumbunan kamfani ta intanet. Alhali kuwa Amurka ta yi doka a 2018 wadda ta ba hukumominta ikon su nemi kamfanin Amurka ya miƙa bayanan da ke hannunsa, ko a wace ƙasa ya ajiye su. A Yuni 2025 aka kira wani babban jami'in Microsoft na Faransa gaban Majalisar Dattawan ƙasar, aka rantsar da shi, aka tambaye shi ko zai ba da tabbacin ba za a taɓa miƙa bayanan Faransawa ga Amurka ba sai da yardar Faransa. Ya ce ba zai iya ba da wannan tabbaci ba, ko da yake ya ƙara da cewa ba a taɓa yin haka ba. Mutumin ya faɗi gaskiya, ba a ga laifinsa ba. Kamfani dokar ƙasarsa zai bi. Mai laifi shi ne wanda ya san haka, ya ɗauki asirin jama'arsa ya kai ajiya can.

Ita Amurkan ma ba ta tsira ba. A 2023 masu kutse da aka danganta da ƙasar Sin suka sami wani mabuɗin sirri na Microsoft, suka kwashi wasiƙun imel wajen 60,000 na Ma'aikatar Harkokin Waje, suka shiga har akwatin Sakatariyar Kasuwanci. Ma'aikatar ce ta fara lura, ta gaya wa kamfanin. Kwamitin binciken da gwamnati ta sa ya ce a 2024, abu ne da bai kamata ya faru ba sam. In mai gida ya sha wannan a hannun maƙerin garinsu, ina ga baƙo?

MUNIK DA JANDARMOMIN FARANSA

Akwai waɗanda suka yi ƙoƙarin kwance igiyar, labarinsu kuwa yana da amfani, da na wanda ya yi tuntuɓe da na wanda ya kai gaci.

A 2003 birnin Munik na ƙasar Jamus ya iso wannan mararraba. Microsoft zai daina gyaran Windows NT, wadda kwamfutocin birnin wajen 14,000 ke aiki da ita. Majalisar birnin ta fara shawarar komawa Linux. Da labari ya kai kunnen shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, sai ya katse hutunsa ya zo da kansa wurin Magajin Gari Christian Ude, ya yi tayin rage farashi. Wannan zuwa kaɗai ya isa darasi, gama ɗan kasuwa ba ya rage kuɗi sai ya ga mai saye ya nufi rumfar gaba. Majalisa ba ta karɓi tayin ba, a Mayu 2003 ta zaɓi Linux. Shekara goma aka yi ana aikin. A ƙarshen 2013 aka ba da sanarwa kwamfutoci kusan 15,000 sun koma kan manhajar birnin ta kansa, wadda suka kira LiMux, birnin kuma ya ce ya yi tsimin fiye da Yuro miliyan 10.

Amma bayan an sake magajin gari, sai iska ta juya. A Nuwamba 2017 majalisar ta zaɓi komawa Windows, a kan kuɗin da aka kiyasta kusan Yuro miliyan 50. Tun daga ranar masu ƙin canji a ko'ina suke kiɗa da wannan labari, suna cewa ga shi Jamusawa ma sun gwada sun kasa. Abin da ba sa faɗa shi ne, masu binciken da birnin ya ɗauka a 2016 sun tarar babbar cutar tana cikin tsarin aikin ne. Sha'anin kwamfuta a warwatse yake cikin ma'aikatu fiye da 20, kowace da mai ba da umurninta, na'urori da yawa suna ɗauke da tsohon juyi ba a sabunta musu ba. Ga kuma wahalar musayar takardu da sauran ofisoshin Jamus, waɗanda suka zauna kan tsarin Microsoft. Ba sa kuma faɗa cewa a 2020 jam'iyyun da suka karɓi ragamar birnin sun rubuta a yarjejeniyarsu za su fifita buɗaɗɗiyar manhaja duk inda ya yiwu. Abin da Munik ta koya wa duniya shi ne, aikin da kowane sabon shugaba zai zo ya juya shi, kuma babu mutum guda da ke riƙe da shi, kuɗi kawai zai ci, ko da wace manhaja aka yi shi.

Jandarmomin Faransa kuwa ta wata hanya suka bi. Ba su taɓa uwar manhaja da fari ba. A 2005 suka sake manhajar rubutu da lissafi, suka ɗauki buɗaɗɗiya. A 2006 suka sake ta shiga intanet. Sai a 2008 suka fara sauya uwar manhajar kanta zuwa wani reshe na Linux mai suna Ubuntu, wanda suka gyara daidai da bukatarsu. Ranar da aka sauya wa jandarma na'urarsa, sai ya tarar da kayan aikin da ya riga ya saba da su shekara biyu ko uku, bai ji wani baƙunci ba. Umurni daga wuri guda yake fitowa, ma'aikatansu na cikin gida ke kula da aikin. Sun ce kuɗin riƙon kwamfutocinsu ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100, kuma a 2024 wajen kashi 97 cikin 100 na kwamfutocinsu, waɗanda suka haura 100,000, a kan wannan manhaja suke. Sannu ba ta hana zuwa. A shekarar 2024 ɗin nan kuma jihar Schleswig-Holstein ta arewacin Jamus ta yanke shawarar mai da kwamfutocin ma'aikatanta 30,000 kan buɗaɗɗiyar manhaja, ta kuma fara da manhajar rubutu kamar yadda jandarmomi suka yi.

AMSA GA MASU GARDAMA

Hujja ta farko da ake kawowa ita ce, ma'aikata sun saba da Windows, sauya musu zai tsai da aiki. Wannan magana abin kunya ce a faɗe ta gaban mutumin da ya shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a gemunsa, ya yini a gona ko a kasuwa, da yamma ya zo ya zauna ya koyi baƙi da wasali har ya iya rubuta wasiƙa da hannunsa. Shi za a gaya wa wai akawu mai takardar shaida, mai ɗaukar albashi kowane wata, ba zai iya koyon sabon wurin maɓalli ba? Shi akawun nan da aka ce ba zai iya ba, in ya sayi sabuwar waya kwana biyu ya ishe shi ya san cikinta da bayanta.

Hujja ta biyu, wai manhajar da rubutunta ke fili ɓarawo ma zai karanta ya ga inda zai shiga. To, rubutun Windows a ɓoye yake, amma bai hana a gano tsagar da WannaCry ta bi ba. Ɓoyewar masu gida kaɗai ta hana gani. Kwaɗon kirki shi ne wanda kowane maƙeri ya san yadda aka ƙera shi, duk da haka ba ya buɗuwa sai da mabuɗinsa. Gaskiya ne tun 2003 Microsoft yana da shirin barin wasu gwamnatoci su duba rubutun Windows bisa sharuɗɗa. Amma gani ba ci ba ne. Wanda aka bari ya leƙa, in ya ga ɓarna ba shi da ikon gyarawa ya raba wa ofisoshinsa, sai ya kai kuka ya jira.

Hujja ta uku, wai in manhajar kyauta ta lalace wa za a kama? Sai a tambayi mai wannan hujja, hasarar fam miliyan 92 da asibitocin Ingila suka yi, daga aljihun wa ta fita? Mai biyan haraji ne ya ɗauke ta. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa tana da kamfanoni masu sayar da aikin kula da ita, irin su Red Hat da SUSE da Canonical, kuma kowane kamfanin gida da ya ƙware yana iya shiga takara. In wannan ya yi sakaci a sallame shi a ɗauki wancan, manhajar tana nan inda take. Wannan shi ne bambancin mai gida da ɗan haya.

BA LAYA BA CE

Duk da haka, wanda ya ce da an sa Linux an gama da ɓarawo, shi ma yaudarar jama'a yake yi. A Afrilu 2014 aka gano wata ɓaraka da aka kira Heartbleed cikin wata buɗaɗɗiyar manhaja mai suna OpenSSL, wadda ɗimbin shafukan intanet ke dogara da ita wajen rufe asiri. Ɓarakar ta yi shekara biyu a fili ba wanda ya lura, domin mutane 'yan ƙalilan ke kula da manhajar, kowa yana ci ba mai ba da gudummawa. Ta nan aka saci lambobin shaida na mutum wajen 900 daga hukumar harajin Kanada. A Maris 2024 kuma aka kama wata ƙofar baya da wani ya dasa cikin wata ƙaramar manhaja mai suna xz, bayan ya yi shekara biyu yana taimako kamar mutumin kirki har aka amince da shi. Wani injiniya, Andres Freund, wanda ma'aikacin Microsoft ne ma, shi ya lura na'urarsa tana jinkirin rabin daƙiƙa, ya bi sawu cikin rubutun har ya tono ta kafin ta bazu.

Labaran nan biyu abu guda suke nunawa. Buɗaɗɗen rubutu dama ce ta dubawa, amma sai an sami mai dubawa, mai dubawa kuwa sai an koyar da shi an biya shi. Hukumar da ta ɗauki Linux don kawai ta ji an ce kyauta ce, ta ƙi ɗaukar ma'aikata, ta ƙi liƙa faci a kan kari, ta bar kalmar sirri a rubuce a jikin bango, za a shiga mata kamar yadda aka shiga wa asibitocin Ingila. Amfanin buɗaɗɗiyar manhaja ga gwamnati shi ne tana mai da iko hannunta, tare da nauyin da ke bin iko.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Wannan ja-in-ja ta daɗe da isowa Nijeriya. A 2007 aka yi odar ƙananan kwamfutoci 17,000 don makarantun ƙasar nan ɗauke da Linux na kamfanin Mandriva na Faransa, sai labari ya fito za a goge a sa Windows, har shugaban Mandriva ya rubuta wa Steve Ballmer buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kuka. Tun daga lokacin kuwa abin da ke cikin kwamfutocin hukuma sai ƙaruwa yake yi, ga lambar shaidar ɗan ƙasa, ga lambar banki, ga rajistar zaɓe. An kuma yi dokar kare bayanan jama'a a 2023. Doka aba ce mai kyau, amma ba ta liƙa faci da kanta.

Na farko, kowace ma'aikata ta ƙidaya kwamfutocinta kamar yadda ake ƙidayar kujeru da motoci, a san wace uwar manhaja ke kan kowace, ta gaske ce ko jabun kasuwa, yaushe wa'adinta zai cika, yaushe aka liƙa mata faci na ƙarshe. A kuma sa sunan ma'aikaci guda wanda za a tambaya in an sami sakaci.

Na biyu, takardun gwamnati a riƙa ajiye su cikin tsarin da kowace manhaja ke iya buɗewa. Gwamnatin Ingila ta ɗauki irin wannan tsari a 2014. Takardar filin da aka rubuta bana dole jikan mai filin ya iya buɗe ta bayan shekara hamsin, ko kamfanin da ya yi manhajar yana raye ko ya mutu.

Na uku, kada a sa hannu a kwangilar manhaja sai an rubuta a ciki yadda za a fita da abin da fitar za ta ci. Manhajar da aka rubuta musamman da kuɗin jama'a kuwa, asalin rubutunta ya zama mallakar hukuma, don wata jiha ko ƙaramar hukuma ta ɗauka ba sai an sake biya ba.

Na huɗu, kada a zuba kome a tukunya ɗaya. Kundin da ya fi muhimmanci a yi masa kwafi a ajiye a wani wuri dabam wanda ba ya haɗe da intanet, a kuma riƙa gwada shi lokaci lokaci a ga ko yana buɗuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyar, wanda ya fi duka, a koyar da 'ya'yan ƙasa, a biya su abin da zai riƙe su. Kuɗin lasisi da dala yake fita, ba ya dawowa. Albashin injiniyan gida kuwa a kasuwar gida ake kashe shi, iliminsa kuma yana nan ko an yi faɗa da kamfani. A bi sannu kamar jandarmomin Faransa, a fara da abu mai sauƙi, a kuma rubuta shirin cikin doka, don kada ya zama abin da kowane sabon shugaba zai zo ya rushe.

Mai karatu yana iya cewa, shi da bai mallaki kwamfuta ba, ina ruwansa? Sunansa yana ciki, kuɗinsa ne kuma ake biyan lasisi da shi. Yana da haƙƙin ya tambayi kansilansa da ɗan majalisarsa, nawa ake biya kowace shekara, wa ake biya, in an kulle kwamfutocin asibitin garinsu gobe ina kwafin yake, wa kuma zai amsa. Wanda ya iya karatu da rubutu ya sami abin yin wannan tambaya a takarda, ya sa hannu, ya jira amsa. Manyan dauloli masu kuɗi da masana sun sha wuya a kan wannan al'amari a gaban idon kowa, gani ga wane kuwa ya isa wane tsoron Allah. Allah ya ba shugabanni ikon riƙon amana, ya ba talakawa ƙarfin halin tambaya, amin.